Yadda Ubangiji Ya Raba Kunnena da Jiran Tafinta

Iyayena da 'yan'uwana matasa, sunan Yesu Mai Cetonmu nake sawa a gaba, da shi nake gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Haleluya!

Na san wasunku sun fara murmushi tun da suka ga wadda za ta ba da shaida. I, ni ce, Rifkatu 'yar Mama Saratu, wadda aka kora daga cikin mawaƙa sau biyu a wata guda saboda surutu. Yau ma surutun zan yi, amma na yau Fasto ne da kansa ya ba ni izini.

Wasu Ubangiji ya cece su daga giya, wasu daga ciwon da ya gagari asibiti. Ni daga kunnena ya cece ni. Kada ku yi dariya tukuna, wurin dariyar yana gaba.

Kun san yadda sujadarmu take a nan Kafanchan. Saboda 'yan'uwanmu ma'aikatan jirgin ƙasa da suka zo daga Kudu, Fasto yakan faɗi magana da Turanci, ya dakata, sai tsohon tafintanmu Malam Ayuba ya juya ta zuwa Hausa. Tun ina goye a bayan Mama haka nake ji. To, sai kunnena ya koyi wata dabara. In Turanci ya tashi, sai ya shimfiɗa tabarma ya kwanta. In Malam Ayuba ya gyara murya, sai ya farka. Me zai sa in wahala, tunda ga abinci nan tafe a tauna?

Lokacin Turancin nan kuwa ba na barinsa ya tafi a banza. A cikinsa nake mintsinin na kusa da ni, a cikinsa nake kwaikwayon dattawan da ke gyangyaɗi a bencin gaba. Rabin kowane wa'azi na rayuwata, a wannan hidima na ƙarar da shi. Allah ya gafarta mini.

Haka na tafi da kunnen nan sakandare. In aka ba ni Turanci a rubuce, sai in cinye shi kamar soyayyar gyaɗa. Amma in malama ta buɗe baki, sai in jira ta rubuta a allo, ko in zunguri ta gefena in ce, "Me ta ce?" Shekara huɗu ina wannan tambaya, har 'yan ajinmu suka manta sunana na baftisma, suka koma kirana Me-ta-ce.

Da muka shiga fom biyar, malamarmu ta Turanci, wata 'yar Indiya mai haƙuri, ta shigo aji da rikoda. Girmanta ya kai akwatin amarya, sai da 'yan mata biyu suka kama mata. Ta ce a jarrabawarmu ta ƙarshe akwai ɓangaren sauraro. Za a kunna tef, Bature zai yi magana sau ɗaya tak, mu kuma mu zaɓi amsa a takarda. Ta ce bari mu gwada.

Jama'a, Baturen nan ya yi magana kamar wanda ya cika baki da doya mai zafi, ga kuma kare yana binsa! Na harɗe hannu ina jira ya dakata a juya mana. Bai dakata ba. Na waiga gefe zan ce "Me ya ce?" sai na ga malama tsaye a kaina. Cikin tambaya ashirin na ci biyu, su ma biyun da ido a rufe na zaɓa.

Abin da ya sa wannan ya zama babbar magana shi ne, tun ina ƙarama nas nake so in zama. Farar riga, 'yar hula a ka, agogo yana lilo a ƙirji. Makarantar koyon aikin jinya kuwa ba ta ɗaukar wadda ta faɗi Turanci. Baba ya riga ya yanke mini magana tun farkon shekara.

"Rifkatu, ni ban yi boko ba, amma na iya lissafin hanya biyu," in ji shi. "In kin ci, ni zan sa ki a jirgi da hannuna. In kin faɗi, gonar citta tana jiranki. Citta ba ta tambayar mutum Turanci."

Duk wanda ya taɓa wuni yana tsaga citta a rana ya san abin da nake tsoro. Hannu ya yi zafi kamar an tsoma a barkono, in ka manta ka sosa ido kuwa, sai dai wata shekara.

Amma kuna tsammani na gaya wa kowa a gida cewa biyu na ci? Ina! Sai ma na ƙara wuta. Na riƙa fesa wa kaji da awaki Turanci a tsakar gida, su kuwa ba su da bakin gyara mini. Mama tana ji tana kumbura. A kasuwa har cewa take, "Turancin 'yata ta hanci yake fita, irin na asali."

Ana nan sai zumuntar mata ta shirya babban taro bayan Kirsimeti. Baƙuwar da aka gayyata ita ce Madam Okon, matar wani sabon babban ma'aikacin tashar jirgi, 'yar can wajen Kalaba. Hausarta duka duka "sannu" ce. Ranar taron kuma aka wayi gari Malam Ayuba ya tafi Zangon Kataf biso, wato jana'iza. Uwar zumunta ta rasa inda za ta sa kanta. Sai Mama ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta.

"Don Ayuba ba ya nan shi ne za mu zauna kamar marayu? Ga Rifkatu!"

Da ƙasa tana da ƙofa, da ranar na shige. Amma girman kai ya riƙe mini baki. Na fita gaba, na tsaya kusa da baƙuwa, har da ɗan tari irin na Malam Ayuba.

Madam ta fara magana, doguwa, tana murmushi. Ta dakata, ta dube ni. Mata sama da ɗari suka dube ni. Ni kuma, ku ji abin kunya, sai na waiga hagu inda Malam Ayuba yake tsayawa, ina jira a juya mini. Babu kowa a wurin. Ashe ni ce Malam Ayuban!

Nan Shaiɗan ya matso kusa ya raɗa mini: shekara goma sha bakwai kina jin wa'azi da Hausa, duk yana cikinki, zuba musu kawai. Sai na ɗaga murya.

"Ta ce, ku mata, gulma ta yi yawa a bakin famfo!"

Majami'a ta ɗauka, "Hmmm!" Madam ta ji daɗin yadda aka karɓi maganarta. Ta ci gaba, ta shafa cikinta tana lumshe ido.

"Ta ce, wannan ciki da kuke ɗura wa burkutu, shi zai fara ba da shaida a kanku ranar shari'a!"

"Wayyo!" in ji wata daga baya. Madam ta nuna taga wajen tasha, ta riƙa juya hannu kamar ƙafar jirgi.

"Ta ce jirgin Mulkin Sama ba ya jiran mai makara. Masu zuwa sujada sai an gama karɓar baiko, da ku take!"

Na fara jin daɗin aikin, har ina buga tebur. Sai Madam ta ɗaga yatsu uku, fuskarta cike da fara'a.

"Ta ce akwai mata uku a cikin ɗakin nan da Ubangiji ya nuna mata. Sun san kansu!"

Wuri ya yi tsit. Kowa tana satar kallon ta gefenta. Can sai Kaka Tabita, tsohuwar nan da duk gari ya san tana dafa burkutu a bayan kasuwa, ta miƙe, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ni ce ɗaya! Kada a nemi nisa, ni ce!"

Madam ta ruɗe. Ta sauko da gudu ta rungume ta, ita ma ta fashe da kuka. Aka ɓarke da waƙa, aka kaɗa tulu, aka yi ta rawa. An ce ba a taɓa taro mai albarka irin wannan ba.

Abin da ban sani ba, akwai wata malamar firamare a bencin baya, tana ta cusa gefen ɗankwalinta a baki tun daga farko. Da aka tashi, ta ja Mama da uwar zumunta gefe, ta gaya musu ainihin abin da baƙuwa ta faɗa. Godiya ta yi saboda tuwon acca da miyar karkashi da aka kai mata. Ta ba da labarin doguwar tafiyarsu a jirgi. Yatsu ukun kuwa, 'ya'yanta ne uku, tana roƙo a sa su cikin addu'a domin ba su saba da garin ba tukuna.

Na shirya wa duka. Na ma zaɓi wajen da zan fara miƙawa. Amma Mama ba ta taɓa ni ba. Muka koma gida. Sai da ta zauna a bakin ƙofar kicin, ta kwance ɗankwali, sannan ta yi magana da yarenmu, a hankali.

"Kunyar da kika ba ni za ta wuce. Amma baiwar Allah nan ta roƙe mu addu'a saboda 'ya'yanta, kika tare hanya, ba wadda ta yi mata."

'Yan'uwa, da bulala ce da ta fi sauƙi. Nan na durƙusa na faɗa mata komai, har da biyu cikin ashirin.

Washegari da hantsi na tafi majami'a, babu kowa sai ƙadangaru. Na durƙusa na fara addu'a irin tawa, baki kamar injin niƙa. "Ya Yesu, ka ba ni kunnen Bature. Ya Yesu, ka sa mutumin cikin tef ya riƙa jan magana. In ba haka ba, ka sa ɓera ya cinye tef ɗin." Na yi ta zuba har maganar ta ƙare mini. Abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife ni: na yi shiru.

A cikin shirun nan ne wata magana ta sauko mini a zuciya. Ban ji murya da kunne ba, ba zan ƙara wata ƙaryar a kan ta farko ba. Amma maganar ta fito sarai: Rifkatu, ko ni ba ki taɓa barina na gama magana ba.

Na yi kuka har majina. Na ce, "Ubangiji, gaskiya ne. Ba kunnen Bature nake bukata ba. Nawa da ka ba ni ne ban taɓa amfani da shi ba. Ka gafarta mini, ka koya mini ji."

Na tashi daga wurin jikina sakayau. Haleluya!

Tuba kuwa tana da ƙafa, sai an taka. Gidan Kaka Tabita na fara zuwa. Na durƙusa daga nesa, inda hannunta ba zai kai ba.

"Kaka, baƙuwar nan ba ta ce komai a kan burkutu ba. Ni na ƙirƙira."

Ta daɗe tana kallona. "Kin san na riga na fasa tukunya, ko, 'yar banza?"

"Na ji, Kaka."

"To, ko ba ita ya faɗa ba, wani ya faɗa, ni kuma na ji. Tashi ki ba ni wuri kafin in tuna inda na ajiye muciya."

Har yau ba ta koma wa sana'ar ba, ƙosai take toyawa. Amma ina roƙonku, kada wani ya ce zai gwada hanyata. Jinƙan Allah ne ya rufe ɓarnata.

Da Malam Ayuba ya dawo aka ba shi labari, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya aika aka kira ni.

"Jikata, tun ban mutu ba kike so ki gaje ni?"

"Kaka, ai na ga tsufa ya kama ka ne, na ce bari in rage maka aiki."

"Kin rage kuwa. Kin rage wa baƙuwa wa'azinta gaba ɗaya."

Sai ya daina dariya. Ya ce shi a elemantare ya tsaya. Masinja ya yi wa Turawan reluwe tun yana saurayi, su kuwa in sun aike ka ba sa maimaitawa. "Ke kin fi ni yawan kalmomi nesa ba kusa ba," in ji shi. "Ciwonki ɗaya ne. In mutum yana magana, ke kina can ciki kina dafa taki. Daga ran Lahadi, in Fasto yana Turanci ki buɗe kunne. Da zarar na buɗe baki, ki toshe su da yatsa. In an tashi ki zo ki gaya mini abin da aka yi wa'azi a kai."

Kuskurenmu ɗaya, ba mu gaya wa kowa ba. Ran Lahadi, duk sa'ad da Malam Ayuba ya fara faɗin Maganar Allah da Hausa, sai a ga Rifkatu ta danna yatsu a kunne ta runtse ido. Mama ta mintsine ni har sai da na ga taurari. Wani dattijo ya taso daga gaba, ya ɗora mini hannu a ka, ya fara tsawata wa aljanu. Sai da Malam Ayuba ya tsayar da fassara ya yi bayani, sannan aka bar ni da aljanuna.

Bayan sujada ya tambaye ni, "To, me kika kamo?"

Na ce, "Amin."

"Madalla. Yau kin kama ɗaya. Mako mai zuwa ki kawo biyu."

Mama kuma ta sa ni gaba zuwa kwatas ɗin reluwe, da ƙwai a kwano, da malamar firamaren nan don ta yi mana fassarar gaskiya. Da Madam Okon ta gane abin da na aikata da sunanta, ta yi dariya har ta zame daga kujera. Matan zumunta suka je daga baya suka yi wa 'ya'yanta addu'ar da na hana. Ni kuma ta yanke mini hukunci. Kullum in na taso makaranta in biya ta gidanta, ta aike ni kasuwa da Turanci, sau ɗaya, ba maimaici, ba rubutu.

Kun san nisan kwatas da kasuwa. Ranar farko abu biyar ta lissafa, na dawo da biyu. Ta karɓa ta yi godiya, ta nuna mini ƙofa. Sau huɗu na yi hanyar nan a cikin rana, har masu tumatir suka fara tambayata ko biki ake a gidan. Kafin mako ya ƙare, ƙafafuna da kansu suka fara roƙon kunnena ya ji tausayinsu.

Da haka da haka abin ya fara buɗewa. In na dawo daga aike sai ta kunna rediyo mu saurari labarai da Turanci, ta kashe, ta ce in faɗa mata abin da ya faru a duniya. Da farko duniyar tawa ba ta wuce gaisuwar mai karanta labarai ba. Kafin Ista, na kai wa Malam Ayuba wa'azi cikakke daga kai har wutsiya, har na tuna masa wani wuri da ya tsallake. Ya ce in fita masa daga gida.

Ranar jarrabawa ta faɗo a farkon damina. Zauren makarantarmu rufin kwano ne, babu silin. In ana ruwa, ko ihu kake na kusa da kai ba zai ji ba. Muna zama, sai ga hadari ya taso daga wajen dutsen Kagoro, baƙi ƙirin. Mai kula da jarrabawa ya ce doka ba ta yarda a mayar da tef baya ba, ko da rufin ne ya tashi. Duk muka ɗaga kai sama. Na ce a zuciyata, "Ya Uba, ruwan naka ne, gonaki kuma suna bukatarsa. Aron rabin awa kawai nake roƙo."

Aka danna rikoda. Bature ya yi maganar farko, ya yi shiru. Kun san abin da na yi? Na jira! Tsohon halin nan ya lallaɓo ya dawo, ina zaune ina sauraron tarin Malam Ayuba. Tambaya ta ɗaya ta wuce ni fit. Nan take na ji warin citta a hancina. Bakina na ciki ya fara surutu: kin faɗi, kin gama, me za ki gaya wa Baba?

Na ajiye fensir. Na ce, "Yesu, ka rufe mini wannan bakin na ciki." Na ja numfashi.

Magana ta biyu ta zo, sai na ji ta. Na ji ta tas! Wani mutum ne yake tambayar wata mata lokacin da mota za ta tashi, ita kuma tana ce masa ya makara. Ashe duk watannin nan mutane ne a cikin akwatin, suna hirarsu ta duniya. Saura kaɗan in ce masa sannu. Na bi su tambaya bayan tambaya, iska tana kaɗa tagogi, ni ko a jikina.

Muryar ta yi mana sallama, rikoda ta yi ƙas. Sai muka ji ɗigo ɗaya a kan kwano, ƙwal. Kafin a karɓi takardu sama ta ɓalle kamar an kifar da kogi. 'Yan mata suka yi ta tsalle, mai kula da jarrabawa yana ta buɗe baki yana tsawa, ba mai jin abin da yake faɗa. Wasu sun ce haka hadarin farkon damina yake, yakan daɗe yana shiri. Ban musa musu ba. Ni dai na san wanda na roƙa aro.

Sakamako ya fito, na ci Turanci, kuma ba da ƙyar ba! Makon jiya takardar makarantar jinya ta iso. Baba ya karɓe ta, ya daɗe yana juya ta gaba da baya. Ya shiga ɗaki. Sai ga shi ya fito sanye da kwat ɗinsa ta zuwa sujada, a ranar Laraba tsaka, da silifas a ƙafa. Ya bi unguwa gida gida yana nuna takardar, har gidajen mutanen da ba sa ga maciji da shi. Bai dawo ba sai da tuwo ya huce.

Ran Talata zan hau jirgi. Na yi ta tambayar waɗanda suka riga ni, suka ce a ɗakin marasa lafiya likita yana tafe yana magana, ya faɗi maganin da za a ba mutum da yawansa, ya wuce gado na gaba. Da na ji haka sai na gane. Ni ina ta kuka a kan jarrabawa da gonar citta, ashe Ubangiji yana hango wani bawansa kwance a gadon asibiti, wanda ransa zai rataya a kan abin da kunnena ya kama.

Saboda haka, 'yan'uwana, kada wani ya ce damuwarsa ta yi ƙanƙanta ko ta yi ban dariya da yawa da za a kai ta gaban Yesu. Ku kai masa. In kun gama faɗa kuma, kada ku yi saurin tashi, ku ɗan dakata a wurin. Godiya ga Uba, godiya ga Ɗa, godiya ga Ruhu Mai Tsarki. Ku sa ni cikin addu'a, ni da duk wanda zai kwanta a gadon da za a ba ni in kula da shi. Amin.